Birkin Kwaɗo

Shekara goma sha shida Mama Tela tana taka wa mijinta birki, kuma ko sau ɗaya bai taɓa buɗe baki ya ce ta iya ba. Ita ce dai duk Asabar za a taso daga kan keken ɗinki, ta bar rigar mutane rabi, ta lanƙwasa gwiwoyinta masu ciwo ta cusa kanta cikin motar da kujerarta ta kusa shafar ƙasa. Shi kuma ya shige ramin da ya haƙa a tsakiyar gareji, yana ba da oda daga ƙarƙashi kamar wani kwamandan soja.

"Taka! Taka! Riƙe!"

"Na riƙe."

"Ba ki riƙe ba, ga kumfa nan ina gani."

"To fito ka riƙe da kanka mana, Injiniya."

Injiniyan nan fa ba injiniya ba ne. Malamin tarihi ne a sakandare har ya yi ritaya. Maƙwabta suka laƙaba masa sunan don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Motar kuma Kwaɗo ake ce mata, saboda fitilunta biyu da suka ƙwalalo a saman bonet. Ja ce, mai kujera biyu, ba ta da rufi, kuma ta girmi duk 'ya'yansu nesa ba kusa ba. A mushe ya sayo ta, kaji na kwana a ciki, ya tashe ta noti bayan noti da littafi a hannu. Bakanike bai taɓa sa mata yatsa ba, kuma in kana son ka ga ɓacin ran Injiniya, ka ce ya kai ta a duba masa.

Ran Asabar ɗin nan tiyon birki ya canza. Ya cire tsofaffin na roba da suka tsattsage, ya ɗaura sababbi masu saƙar waya, waɗanda ya yi wata biyu yana jira. In an canza tiyo kuwa dole a fitar da iskar da ta shiga, taya bayan taya. Shi yana kwance ɗan notin da ke bayan kowace taya, ita tana takawa, man birki yana fita da kumfa, ya ɗaure, ta saki. Uku sun tafi lafiya. A ta huɗu, ta gaba ta gefen direba, sai ta ji ya ja tsaki mai tsawo.

"Me kuma ya faru?"

"Kan notin ya cinye, sifana sai zamewa take. Ga man ma ya ƙare a kwalba." Ya fito daga ramin yana goge hannu a wando. "Na murɗa shi da yatsa dai ya tsaya. Bari in je in sayo sabo da mai. Minti ashirin."

"Minti ashirin ɗinka na sani," in ji ta, tana kama ƙofa tana miƙewa da ƙyar. "Sai ka gama koya wa mai shagon tarihin noti."

Akwai wata doka a gidan nan da ta fi kowace doka ƙarfi. In Kwaɗo na cikin aiki, Injiniya yakan rufe sitiyari da wani jan tsumma, guntun tsohon labule. In ka ga tsumman, ko makulli kada ka taɓa. In babu shi, mota lafiya take, duk wanda aka yarje wa ya ɗauka ba sai ya tambaya ba. Wadda aka yarje wa kuwa mutum ɗaya ce a duniya: Auta, 'yarsu ta ƙarshe, mai aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a can ƙasan gari. Tun tana 'yar shekara tara take miƙa masa sifana, kuma a shekarun nan duka ba a taɓa karya dokar ba.

Mama Tela ta koma ɗakin ɗinkinta a bayan gida, ta kunna rediyo, ta hau keke. Tana cikin haɗa hannun wata riga ta ji Kwaɗo ta yi gurnani, ta ji ƙarar get, ta ji gurnanin yana nisa. Har murmushi ta yi. Yau dai mutumin ya cika alkawari, in ji ta a ranta, har ya gama ya fita gwaji bai neme ni ba.

Ba ta kai ga gama ɗaya hannun ba sai ga shi a bakin ƙofa, leda a hannu.

"Ina Kwaɗo?"

"Ba kai ka fita da ita ba?"

Ya dube ta. Ta dube shi. Ledar ta suɓuce, kwalbar mai ta gangara ƙarƙashin tebur. Ya juya da gudu, gudun da rabonta da ganinsa tun suna da ƙuruciya, tana ji yana buɗe ɗakin Auta yana kiranta. Ta yunƙura za ta bi shi, sai wani abu ya zame daga kafaɗarta ya faɗi a kan cinyarta.

Jan tsumman ne.

Nan take ta tuna komai. Da ta shiga motar da safe tsumman ya yi ta zamowa kan zanenta mai haske, ga baƙin mai a jikinsa, sai ta cire ta saɓa a kafaɗa yadda take saɓa tef da guntayen yadi tun tana budurwa, da niyyar in ta tashi ta mayar. Ta tashi tana tsokanar mijinta, ta taho da shi. Ta dunƙule shi ta cusa a ƙugun zane, ita kanta ba ta san dalili ba.

A gareji ta same shi tsugune a bakin ramin. A kan bencin aiki ga 'yar takarda da rubutun Auta: an kira ta aiki da gaggawa, na'ura ta tsaya, ta ɗauki Kwaɗo, sai yamma. Bai ko dubi takardar sau biyu ba, siminti yake kallo. Daidai bakin ƙofar gareji akwai ɗigon man birki uku, a bakin get kuma wani jiƙo kamar faɗin tafin hannu. Ya dangwala yatsa ya shinshina.

"Nan ta taka, nan ma ta taka. Duk takawa sai ya tsirto." Muryarsa ta zama wata iri, siririya. "Girgizar hanya kuma tana ƙara kwance notin."

"Kira ta mana!"

"Sau huɗu na kira."

Ta ƙwace wayar ta kira da kanta. Tana shiga, ba a ɗauka. Ta san ba za a ɗauka ba. Wayar na cikin jaka, jakar na kulle a but ɗin bayan mota, domin uban ne ya koya mata haka tun ranar da ya fara ba ta sitiyari, har yana alfahari da ita a gaban mutane.

"Amma ai taya ɗaya ce," in ji Mama Tela. "Sauran ukun mun yi su, da ƙafata na ji sun yi tauri."

"Layi ɗaya ne, Mama. Tsohuwar mota ce, ƙoƙon mai ɗaya ke ciyar da duka huɗun. In ya ƙare, ya ƙare ko'ina." Ya ɗaga kai ya dubi wani kwali a kan kanta. "Ga mai layi biyun can na saya tun bara. Cewa nake sai na huta in ɗaura."

"Nawa ya rage a ciki?"

"Bai kai rabi ba."

Ba sai an yi mata bayani ba. Ta fi kowa a duniya sanin yadda birki yake in ya tafi, domin duk lokacin da ya kwance notin nan daga rami, a ƙafarta abin yake faruwa: kana dafe da abu mai tauri, sai kawai ya nitse har ƙasa, kamar ka taka matakalar da babu ita. Kuma ta san hanyar asibitin. Bayan shataletale akwai gangaren nan mai tsawo da ke sauka kai tsaye zuwa mahaɗar manyan motoci.

Ba ta tsaya neman mayafin kirki ba. Ta fita da silifas ta doki get ɗin maƙwabcinsu Mai Burodi, wanda ya dawo daga rabon safe ke nan yana wanke motar kayansa. Mutum ne mai surutu da ba'a, shi ne ma ya raɗa wa Injiniya sunan, amma da ya ga fuskarta sai ya yar da bokitin.

"Hajiya, lafiya?"

"Auta ce. Ta fita da Kwaɗo ba birki. Tashi motarka."

Su uku suka matsu a gaba, Injiniya a tsakiya, ita a jikin ƙofa. Motar tana ƙamshin burodi. Injiniya ya kafa ido a kwalta yana ƙirge da baki. A kwanar layinsu ga jiƙon, ya nuna. A tudun rage gudu na gaban makaranta, guda uku ne, kowanne da nasa tabon. Mai Burodi ya haye su ba tare da ya rage ba, farantan ƙarfe suka yi ta kwaramniya a baya.

"Bakwai," in ji Injiniya. "Takwas. Wannan ya fi na baya faɗi, kun gani? Ya ƙara buɗewa."

"Malam, bar ƙirgen nan don Allah," in ji Mai Burodi. "Yarinyar nan ta iya tuƙi, ta fi ka ma. Za ta ji ya yi laushi ta tsaya."

"Ba za ta ji ba. Na ce mata sabon tiyo sai ya zauna, kwana biyu zai yi wani iri. Da bakina na faɗa mata jiya."

Mama Tela tana ta danna kira, tana sa wayar a kunne, tana saurarar ƙarar da ke tafiya cikin but ɗin wata mota a wani wuri a gabansu. Duk addu'ar da ta zo bakinta yi take, wata ma ba ta kai ƙarshenta take kama wata. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba.

A danja wuta ta tsayar da su. Nan ne Injiniya ya fashe.

"Amma wace irin yarinya ce wannan? Shekara nawa ina faɗa? Ta ga tsumma a kan sitiyari ta cire ta jefar, don an kira ta aiki! Aikin banza! Girma ya zo, an fara ɗaukar albashi, maganar uba ta zama surutun tsoho. Wallahi in na kama ta..."

Bai ƙarasa ba. Mama Tela ta ji ba za ta iya jurewa ba. A zagi yarinyar nan yanzu, a wannan lokacin da ba a san ko tana numfashi ba, kan laifin da ba nata ba? Ta sa hannu a ƙugu ta zaro tsumman ta ajiye masa a cinya.

"Ba ta ga komai ba. Ni na cire. Na manta ban mayar ba."

Ya daɗe yana kallon abin. Ta jira ya yi ihu, ta ma fi son ya yi ihun. Bai yi ba. Ya ninke tsumman biyu, ya sake ninkewa.

"Ni na bar makulli a jiki," in ji shi a hankali.

Wuta ta ba da hannu. Mai Burodi ya fizgi motar, yana zagin wani mai tasi da bai yi masa komai ba. A shataletale tabon ya zama dogon zare, ba ɗigo ba. Injiniya ya daina ƙirge. Can sai ya zabura ya damƙi hannun Mai Burodi har motar ta yi gefe.

"Fetur! Babu fetur a cikinta! Ba na barin mai a tanki in ina aiki, abin da ke ciki ba zai kai ta asibiti ba. Dole ta tsaya ta sha."

"A ina?"

"Gidan man da ke kan gangaren. Shi kaɗai ne a hannunta, kuma ranar Asabar akwai layi."

Allah Ya sa da layi, in ji Mama Tela a ranta. Allah Ya sa layin ya kai bakin titi, Allah Ya sa famfon ya lalace, Allah Ya sa mai zuba man ya tafi cin abinci. Ita da ta yi shekaru tana tsine wa layin gidan man nan.

Titin a nan biyu ne, da shingen kankare a tsakiya. Wata motar yashi ta mutu a hannunsu, aka karkatar da kowa, Mai Burodi ya bi ta wani lungu ya ɓullo, sai ga su a ɗaya hannun, gidan man yana tsallake, wurin juyawa kuma yana can gaba da nisa. Motoci sun cushe, ana tafiya kamar ba a so.

Ita ta fara hango ta. Ja, 'yar ƙarama, a famfo na biyu. Ga Auta a zaune da farar rigar aiki, ta ɗaure kanta da gyale saboda iska, tana miƙa hannu tana karɓar wani abu daga mai zuba man. Da rai, lafiya lau, har dariya take. Mai zuba man ya rufe tanki ya buga bayan motar sau biyu.

"Ga ta can! Yi hon!"

Mai Burodi ya kwanta a kan hon. A banza, kowa a titin hon yake yi. Injiniya ya leƙa ta kan matarsa yana ƙwala kira. Hayaƙi ya fito a bayan Kwaɗo.

Mama Tela ba ta san lokacin da ta buɗe ƙofa ba. Ta dai ji kwalta a ƙafarta, silifas ɗaya ya tsaya a mota. Ta ratsa tsakanin motocin da ke tsaye, ta kai ga shingen, ta kwanta a kansa da ciki ta mirgina, gwiwoyin da ko tsugunno ba sa yarda da shi suka ɗauke ta. Ɗaya hannun ba cunkoso, motoci a guje suke gangarowa. Ta shiga. Wani ya ja birki har taya ta yi ƙara, wani ya zage ta ta uwa ta uba, madubin wata bas ya shafi kafaɗarta. Ba ta waiwaya ba.

"Auta! Auta!"

Ina! Injin Kwaɗo ko a gida sai an yi ihu ake jin juna. Motar ta bar famfo tana gangarowa zuwa mafita, Auta ta juya kai ɗaya gefen tana duban motocin da ke tahowa, tana neman inda za ta kutsa. Mama Tela ta ga tazarar da yarinyar ke jira, bayan wata farar mota. In ta shige ta, shi ke nan, sai gangare. In ta bi ta gefe ba za ta cim mata ba, kuma ko ta cim mata ba za a gan ta ba. Wuri ɗaya ne direba ba ya iya ƙin gani.

Ta san abin da take yi sarai. Ta san abin da ya rage a ƙoƙon nan, ko abin da bai rage ba. Ta shiga tsakiyar mafitar ta tsaya, ta buɗe hannuwa biyu.

Auta ta juyo. Idanunsu suka haɗu. Mama Tela ta ga bakin yarinyar ya buɗe, ta ga ta taka birki, kafaɗarta ta dama ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta wuce inda ya kamata ta tsaya. Ta sake ɗagowa ta sake nitsewa. Motar ba ta ko girgiza ba, tahowa kawai take, ba da gudu sosai ba, da waɗannan fitilu nata biyu.

Ƙarfen gaba ya same ta a ƙauri. Ta ji wani abu ya yi ƙas, ta kifa a kan bonet mai zafi, tafukanta suka manne da jan fenti. Ta ji ƙarar birkin hannu, motar ta karkace, taya ta daki dakalin da ke gefen mafita, injin ya shaƙe ya mutu. Sai ta zame ta faɗi a kan siminti.

Daga inda take kwance tana iya ganin bakin titi, bai fi taku uku ba. Wata tirela ta wuce ta gangara, ƙasa na rawa a ƙarƙashin kuncinta.

Mutane suka taru. Mai zuba man yana ta faɗa, wai wace irin mahaukaciyar tsohuwa ce za ta zo ta kashe kanta a wurin aikinsa. Wata mata tana salati. Can ta hango Injiniya yana tsallako shinge, Mai Burodi na riƙe da rigarsa, ya iso ya zube a kan gwiwoyinsa kusa da kanta. Ƙafarta ta dama ta kwanta ta wata fuskar da ƙafa ba ta kwanciya. Ta gani, ta kawar da kai, ba shi ne a gabanta ba.

Auta ta faɗo a kanta tana kuka kamar ranta zai fita.

"Mama! Mama, na taka! Wallahi na taka, bai kama ba! Me ya sa kika tsaya? Me ya sa ba ki kauce ba?"

Mama Tela ta kama fuskar da hannu biyu. Ta duba goshin, ta duba wuyan, ta shafa kafaɗun, ta bi hannuwan har yatsu, ta dubi farar rigar daga sama har ƙasa. Ko ɗigon jini babu.

"Na sani, 'yar nan, na ga lokacin da kika taka," in ji ta. "Miƙe tsaye in gan ki."

"Mama, ƙafarki..."

"Ki miƙe na ce."

Auta ta miƙe a kan ƙafafunta biyu. Mama Tela ta dube ta son ranta. Sai a lokacin zafin ya iso, ta damƙi hannun mijinta ta ƙwalla ihun da har masu shaguna a tsallaken titi suka fito.